Wayar da Ya Binne a Bango

Waɗanda suka yi aiki a ofisoshin da Mai Waya ya shiga sun fi sanin ƙafafunsa da fuskarsa. Rabin rayuwarsa a kan tsani ya yi ta, kai da kafaɗu a cikin silin, takalma kawai ake gani a waje. Sana'arsa jan waya. Da wayar lantarki ya fara tun yana saurayi, ya koma ta tarho, da intanet ta shigo ya bi ta. Daga ɗakin na'urori zai bi da waya ta cikin rufi, ya sauko da ita ta cikin bango, ta ɓullo daidai ƙarƙashin teburin mai aiki. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga surutu kamar rediyo. Ko kansa na cikin silin bakinsa ba ya hutawa. Sai sakatariya ta ji murya daga sama ana tambayarta ya mai jiki, ta ɗaga kai ta amsa wa rufi.

Matarsa a kantin magani take aiki. Shi yana ce mata Shugaba, ita tana ce masa Injiniya, duk da ba wata takarda da ta taɓa kiransa haka. 'Yarsu ɗaya ce, ta yi aure ta koma wani gari mai nisa. Gidansu a ƙasan bene yake, can ƙarshen gangare, dogayen gine-gine sun rufe shi ta ko'ina. Sabis ɗin wayar hannu ba ya shiga sai mutum ya tsaya jikin tagar kicin. Shi ya sa da suka tare, Mai Waya ya ɗauki hutu ya yi wa gidan aiki irin nasa. Akwatin intanet ya kafa shi can sama a lungun shigowa, kusa da ƙofa. Kwamfutar da ya harhaɗa da hannunsa ya ajiye ta a ɗakin kwana, a kan teburin da ya ɗaure a bango. Tsakanin akwatin da kwamfutar ba ka ganin waya ko ɗaya. Duk tana cikin bango.

In abin ya tsaya, Shugaba ba ta wani bincike. Sai ta ce, "Injiniya, abinka ya yi yaji." Ya tashi yana ƴar waƙarsa, ya ɓace cikin gida, kafin shayinta ya huce ya dawo ya ce ta gwada. Ba ta taɓa bin sa ta ga inda yake zuwa ba. Shi ma bai taɓa ganin dalilin nuna mata ba.

Wata safiya ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, bai miƙe ba. Hawan jini ne ya kada shi. Ya jima a asibiti, ya dawo gida a keken marasa lafiya, ɓarin damansa a shanye, idon dama ma ba ya gani sosai. Abin da ya fi ci wa kowa rai maganar ce. Yana jin duk abin da ake faɗa, yana ganewa, amsa tana tahowa har kan harshe, sai ta wargaje. Kalmomin da suka rage masa su ne "to", da "a'a", da "ruwa". In yana jin zafi, ruwa. In yana son a gyara masa matashi, ruwa. Shugaba ta bar aikin kanti ta zauna da shi.

Asibitin ya haɗa su da malamar koyar da magana, wata mace mai haƙuri da gilashi a ido, wadda take aiki a babban asibiti can nesa. Ta kwamfuta suke haɗuwa da safe. Tana nuna masa hotuna a allo, tana buɗe baki a hankali ya ga yadda leɓe ke tafiya, shi kuma ya kwaikwaya. Abin ya fara kamawa. Ya iya "ba", ya iya "ma". Ranar da ya maimaita "ma" ya ce "mama", Shugaba ta riƙe ƙugu ta ce, "Wa kake ce wa Mama? Ni ban haifi ƙato irinka ba." Rabin bakinsa ya yi dariya. Malama ta ja musu kunne cewa kada a riƙa fashi, don yanzu ne ƙwaƙwalwar ke neman sabuwar hanya.

Ana cikin haka, wata safiya Shugaba ta tura shi gaban tebur, ta goge masa baki, ta kunna kwamfuta. Komai ya buɗe, amma malama ba ta fito ba. A kusurwar allo, ƴar alamar intanet ta fito da jan giciye a kanta.

Ta danna nan, ta danna can. Ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa. Giciyen na nan. Ba ta san lokacin da ta juyo ta ce, "Injiniya, abinka ya..." ba. Sai ta ɗauki wayarta ta nufi kicin.

Kamfanin intanet ɗin sai da suka sa mata kiɗa har ƙafarta ta gaji kafin wata budurwa ta ɗauka. Muryarta mai ladabi ce, amma da ka ji ka san karantawa take yi.

"Mama, ki je wajen akwatin ki gaya min fitilu nawa ke ci."

"In na je layin zai yanke, ƴar nan. Nan kaɗai ake samun sabis."

"To ki ajiye wayar ki je ki dawo."

Ta ɗora wayar a kan taga, ta ja kujera zuwa lungu, ta hau tana dafa bango. Ta dawo ta ce duk kore ne. Budurwar ta ce ta zare wutar akwatin, ta ɗan jira, ta mayar. Ta sake hawa kujera. Budurwar ta ce ta duba bayan kwamfuta, inda wayar take shiga, akwai ƙananan fitilu da ya kamata su riƙa kiftawa. Ta durƙusa ƙarƙashin tebur da tocila, gwiwoyinta suna ƙara. Ba abin da ke kiftawa. Ta zare wayar, ta hura kanta, ta mayar har ta ji ɗan ƙarar kamawa kamar yadda aka ce mata. Shiru. Duk zirga-zirgar nan ta gaban Mai Waya take wucewa, idonsa yana bin ta.

A ƙarshe budurwar ta ce, "Daga wajenmu layinku lafiya yake. Matsalar tana cikin gida. Wa ya ja muku wayar? Shi ya kamata ki kira."

Shugaba ta ce, "Na gode," ta kashe.

Shi kuwa Mai Waya tun da ya ga giciyen nan ya san inda abin yake. A sito, bayan babban kabad ɗin da ake ajiye barguna, akwai wani ƙaramin akwati da ya maƙala a bango, mai raba waya zuwa ɗakuna. Wutarsa daban take. Lokaci zuwa lokaci yakan sandare, sai a zare masa wuta a mayar. Nan yake zuwa duk lokacin da ya tashi yana waƙa. Hannu kawai yake zurawa ta bayan kabad, ko dubawa ba ya yi.

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙofa. Ya tattara duk ƙarfinsa a kan kalmar "sito". Yana ganinta a kansa sarai. Ya buɗe baki.

"Ruwa."

Shugaba ta kawo ruwa a kofi.

"A'a."

"Bayan gida?" Don banɗakin ma ta wannan ɓangaren yake.

"A'a. A'a. Ruwa."

Ta kawo takarda da biro ta sa masa a hannun hagu. Ya daɗe yana kallon takardar. Harafin farko ma ya ƙi zuwa. Ya yi wani layi, ya yi wani a kansa, biron ya huda takardar. Ya ture ta, hannunsa ya bugi kofin, ruwa ya malale a kan zaninta. Ta goge ƙasa tas. Sannan ta miƙe, tsumma a hannu, ta ce, "Ni ma fa mutum ce, Injiniya. Ban san abin da kake so ba. Wallahi ban sani ba."

Ya ce, "To."

Kamfani sun ce za su turo ma'aikaci, amma layi da tsawo. Kafin nan 'yarsu ta karɓi aikin ta waya. Kullum Shugaba na jikin tagar kicin, ƴar tana ba da umarni daga can. A sauya wayar zuwa wani ramin a jikin akwati. An sauya. A sayo sabuwar gajeruwar waya a sa tsakanin bango da kwamfuta. Shugaba ta je shagon kayan waya da tsohuwar a jaka don kada a ba ta wata daban, ta dawo ta sa, ba abin da ya canja.

"Mama, to ki ɗauko kwamfutar gaba ɗaya ki kai ta kusa da akwatin."

"Kin ga bayanta kuwa? Wayoyi ne kamar saƙar gizo-gizo. In na zare su wa zai mayar? Kuma a lungun nan ina zan ɗora ta?"

"To ku yi darasin ta wayarki, a kusa da akwatin ai tana kama intanet ɗin gidan."

Sun gwada. Ta tura kekensa cikin lungu, ƙafafunsa na taɓa takalman da ke bakin ƙofa, ta tsaya a gabansa ta riƙe waya. Fuskar malama ta fito ƴar ƙarama kamar tambarin wasiƙa. Hotunan darasin suka ƙi buɗewa. Da ido ɗaya yake ƙoƙarin ganin leɓenta, hannun Shugaba ya gaji da riƙe wayar, masu hawa bene suna wucewa ta bayan ƙofa da hayaniyarsu. Malama ta ce ya ce "ba". Ya rufe ido ya kau da kai. Ta ce su bari sai an gyara, amma a yi ƙoƙari kada abin ya ja.

Abin ya ja. Ma'aikacin aka ce gobe, gobe ta zo aka ce an tura shi wata unguwa. Mai Waya ya rage cin abinci. In an tura shi falo sai ya juya kai yana kallon ƙofar sito har wuyansa ya gaji. Shugaba ta ɗauka haske ne ke damunsa, ta riƙa sauke labule.

Wata rana da hantsi tana jikin taga, kiɗan kamfani a kunnenta, shi kuma yana falo. Ya sauke ƙafar hagu ƙasa, ya kama tayar keken da hannun hagu ya tura. Keken ya juya a wuri ɗaya. Ya sake turawa, ya sake juyawa. Sai ya gano in ya ja da diddige yana gyara hanya da hannu, yana matsawa kaɗan kaɗan. Gumi ya jiƙa masa riga kafin ya kai ƙofar sito. Ya tura ta, ta buɗe. Keken ya fi ƙofar faɗi. Ga kabad ɗin nan, in da da ne taku kaɗan ne. Ya kama katakon ƙofa ya yunƙura. Ya miƙe kuwa, na ɗan lokaci, sannan ƙafar dama ta lanƙwashe, ya zame ya kwanta a kan kafaɗa, rabin jikinsa a sito, rabi a waje.

Ƙarar keken da ya bugi bango ce ta kawo Shugaba. Ta yi ƙoƙarin ɗaga shi, ya fi ƙarfinta. Ta sa masa matashi a ƙarƙashin kai, ta fita ba takalmi ta buga ƙofar maƙwabcinsu, wani direban motar kaya da ya dawo daga tafiya yana barci. Direba ya zo ya tallabe shi zai mayar a keke, Mai Waya ya ƙi sakin ƙafar kabad ɗin da ya riƙe.

Shugaba ta kalli hannun, ta kalli kabad. Ta ce, "Akwai wani abu a ciki?"

"A'a."

"A bayansa?"

"To. To. To."

Direba ya zaunar da shi a kujera a bakin ƙofa, ya kwashe barguna, ya ja kabad ɗin gefe. Ga ƙaramin akwati a bango, ƙura ta lulluɓe shi, wayoyi masu ruwan toka sun fita daga jikinsa sun shige bango. Shugaba ta dafe ƙirji ta ce, "Ashe nan kake zuwa." Mai Waya ya nuna soket ɗin, ya yi alamar zarewa. Direba ya zare, ya mayar. Fitilun akwatin suka ɗauke, suka dawo. Fuskar Mai Waya ta saki, irin sakin da ba ta yi ba tun da ya dawo daga asibiti. Ya nuna wa Shugaba hanyar ɗaki da haɓa.

Ta tafi. Ta jima. Da ta dawo, ta girgiza kai.

Direba ya sake zarewa ya mayar. Ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya ya mayar. Shugaba ta yi ta kai da kawowa. A ƙarshe direba ya tsuguna gaban Mai Waya ya ce, "Maigida, wace ce ta ɗakin kwana a cikinsu? Nuna min kawai."

Mai Waya ya kalli wayoyin. Shi ya ja su, shi ya yanke su, shi ya matse kawunansu. Da, ko a mafarki aka tashe shi zai faɗi inda kowace ta bi. Yanzu ya bi ta farko da tunani, ta shiga bango, ta hau sama, daga nan sai duhu. Ya koma ta biyu, haka. Har zuwa wannan lokacin ya ɗauka bakinsa ne kawai ya kulle, komai na nan a ciki yana jira. Ya ɗaga yatsa, ya tsaya a iska, ya sauke shi a kan cinya.

Direba ya ce, "Ba komai, Allah ya ƙara sauƙi," ya mayar da kabad, ya tallabe shi zuwa gado. Ranar Mai Waya bai ce ko "to" ba har yamma. Kafaɗar ta kumbura, Shugaba ta yi ta gasa masa da ruwan zafi.

Da ma'aikacin kamfani ya zo, mutum ne mai furfura a gemu, da jaka a kafaɗa, a gajiye. Ya duba akwatin lungu, aka nuna masa na sito. Ya shafa wayoyin, ya ce, "Wanda ya yi aikin nan ya san hannunsa."

Shugaba ta ce, "Ga shi nan zaune."

Mutumin ya juyo, ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma ya ce, "Sannu Baba, aiki ya yi kyau." Daga nan da Shugaba ya ci gaba da magana. Ya sa ƴar na'urar gwaji a bakin wayar sito, ya sa ɗayar a ɗakin kwana, ya dawo ya ce wayar ta katse a wani wuri cikin bango ko cikin rufi. Ko ɓera ne, ko danshi, ba zai iya sani ba sai an fasa, kuma kamfani bai yarda su fasa bangon mutane ba. Abin da zai iya shi ne ya ja sabuwa ta waje.

Wannan karon wani abu ya dawo wa Mai Waya tsaf. Ba a cikin siminti ya binne wayar ba, a cikin bututun roba ya sa ta. Ba sai an fasa komai ba. A ɗaura sabuwa a wutsiyar tsohuwa a ja, in ta katse a zura ƙarfen ja ta cikin bututun. Ya buga hannun keke. Ya dunƙule hannu ya yi kamar bututu, ya yi alamar ja. Ma'aikacin ya kalli Shugaba.

Ta ce, "Me kake so a ja, Injiniya?"

Ya buɗe baki, jijiyar wuyansa ta tashi. Abin da ya fito ba kalma ba ce.

Ma'aikacin ya jira kaɗan, cikin ladabi. Sannan ya duba agogo ya ce akwai gidajen da ke jiransa. Ya warware doguwar waya shuɗiya daga akwatin lungu, ya bi da ita gefen falo, ta ƙetare bakin ƙofar ɗaki, ya danne ta da salatif nan da can. Mai Waya, wanda a wurin aiki in ya ga an yi irin wannan yakan kwance ya sake ko ba a sa shi ba, yana zaune yana kallo. Aka sa kan wayar a bayan kwamfuta. Ƙananan fitilun suka fara kiftawa. Giciyen ya ɓace.

Shugaba ta raka mutumin ƙofa tana ta godiya. Da ta dawo ta zauna a bakin gado, ta sa fuska a tafin hannu ta ɗan jima a haka. Sannan ta tashi ta ɗora abinci.

Darasi ya dawo. Malama ta ce fashin ya mayar da su baya, "ma" ta gudu, "ba" ma sai da aka sake nemo ta, amma ba a makara ba. Suna nan suna yi. Wasu kalmomin sun zo sun zauna, wasu suna zuwa da safe su tafi kafin rana. Maganar bututun kuwa har yau ba ta samu fita ba. In za a shiga ɗaki da keke, Shugaba takan taka bayan keken ta ɗaga ƙananan tayoyin su haye wayar, kansa ya ɗan girgiza.

A darasin baya-bayan nan malama ta sa hoton cokali a allo ta ce, "Baba, mene ne wannan?" Ya zuba wa hoton ido. Leɓensa ya motsa, ya tsaya. Shugaba tana tsaye a bayansa, ba ta san bakinta na haɗa kalmar a hankali ba.

Malama ta ce, "Mama, ina ganinki. Kada ki gaya masa."

Shugaba ta sa hannu ta rufe baki. Malama ta gyara gilashinta. Suka jira shi.